Agogon da Aka Kulle a Dokki

Ban taɓa mantawa da wata ranar Alhamis a ofishinmu na unguwar Dokki da ke Alƙahira ba, ranar da na ga manyan mutane masu hankali, kowa da agogo ɗaure a hannu, sun yi jugum suna jiran wata 'yar na'ura ta gaya musu ƙarfe nawa. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan ba ku tarar da zamanin ba, don haka bari in fara da yadda ofishin yake.

Aikinmu karɓar marasa lafiya ne masu zuwa Masar neman magani daga Nijeriya da Nijar. Mu ɗauko su daga filin jirgi, mu sauke su a ɗakunan da ke saman ofis, mu nema musu ganin likita, mu haɗa su da direba da tafinta. Shugabanmu, wanda muke ce wa mudir, shi ne Dakta Bashir. A nahawun Larabci ya yi digirinsa na uku, amma idan tsohuwa ta miƙa masa hoton ƙirjinta, yakan ɗaga shi ta hasken taga ya daɗe yana kallo, sannan ya girgiza kai a hankali. Ƙarƙashinsa akwai Ikhlas, Bahaushiyar Sudan mai teburin karɓar baƙi, wadda a gaskiya ita ke riƙe da ofishin. Sai direbobi, babbansu Ammu Sayyid, wani dattijon Bamisire mai gashin baki. Sai ni, Lawal. A takarda jami'in fasahar sadarwa ne ni. A aikace ni ne mai zare takarda idan ta maƙale a firinta, mai canja batirin rimot ɗin na'urar sanyi.

Wata rana Dakta ya je baje kolin na'urori ya dawo da zazzaɓin zamani. Ya ce yana son ofis mai tafiyar da kansa. Na shiga kasuwar Ataba na sayo 'yar ƙaramar kwamfuta irin wadda ba ta fi tafin hannu ba, fallen allo ɗaya ne kore, ko murfi ba ta da shi. Na haɗa ta da talabijin ɗin ɗakin jira tana nuna lokaci da jerin waɗanda za su asibiti, na kuma tsara ta yadda idan lokacin tafiya ya yi za ta tura wa direba saƙo a waya. Dakta ya raɗa mata suna Munazzim, wato mai tsara al'amura. Aka sayo basbusa, wani kek mai zaƙi na Masar, da lemo, aka ɗaura ƙyalle, ya yanka da almakashin Ikhlas.

A nan sai in yi wa waɗanda ba sana'arsu ba ce bayani. Babbar kwamfuta tana da ɗan batir kamar kwabo a cikinta, shi ke riƙe mata agogo ko da an kashe ta. Irin wannan ƙaramar ba ta da shi. Idan wuta ta ɗauke, lokaci ya tsaya mata cak. Idan ta dawo, sai ta ɗora daga inda ta tsaya, kamar wanda ya farka daga barci ya ci gaba da hirar jiya. Abin da ke cetonta shi ne da ta farka takan aika tambaya ta intanet zuwa ga wasu manyan kwamfutoci masu riƙe da sahihin lokaci, su ba ta amsa, ta daidaita kanta. Wannan tsarin shi ake kira NTP. Tambayar kuwa tana da ƙofarta ta musamman da take fita ta cikinta, daban da wadda shafukan intanet ke bi.

Ranar bikin, cikin daɗin baki, na gaya wa Dakta cewa lokacin Munazzim daga agogon masana kimiyya yake fitowa, irin wanda ba ya kuskure. Ya riƙe wannan maganar da hannu biyu. Washegari ya kafa doka biyu. Ta farko, a cire agogon bango, domin ofis ba ya zama da shugabanni biyu. Ta biyu, babu direban da zai tada mota sai saƙon Munazzim ya shigo wayarsa. Dalilin ta biyun shi ne an taɓa ganin motar ofis a Ataba shaƙe da kayan ɗakin 'yar wani direba.

Komai ya tafi daidai har zafi ya shigo, a shekarar nan da aka yi ta rabon wuta a unguwannin Alƙahira. Kullum da tsakar rana sai a ɗauke mana. Gidan yana da janareta, amma sai bawwab, wato mai gadin ƙofa, ya gama shayinsa kafin ya sauka ya tada shi. Da farko ban damu ba, domin Munazzim na farkawa take tambaya ta gyara kanta. Sai wata safiya na ga tana baya da 'yan mintuna. Na gyara da hannu. Washegari ma haka. Ina cikin gyara na uku sai Dakta ya tsaya a bayana.

"Malam Lawal, me kake yi wa Munazzim?"

"Ranka ya daɗe, agogonta nake gyarawa. Ta yi baya."

"Da wane agogon kake gyara ta?"

Na nuna masa wayata.

"Wato wayar da ka saya ta hannu ita za ta gyara wa masana kimiyya lissafi?" Ya gyara zaman tabarau. "Ko dai makararru kake rufa wa asiri?"

Kafin la'asar an kawo kabad na gilashi mai makulli. Aka saka Munazzim a ciki kamar kayan tarihi, aka jingina da bango, Dakta ya rataya makullin a jikin carbinsa. Ya sanar cewa duk wanda ya taɓa ta ya nemi wani aikin. Ku kun san abin da wannan ke nufi ga baƙo a ƙasar nan. Iƙamata, wato takardar izinin zamana, a hannun ofis take. Na naɗe hannuna.

Daga ranar Munazzim ta shiga tara bashin shayin bawwab. Kowace rana ta rasa abin da ya ɗauka kafin ya tada janareta, kuma mutumin ba mai gaggawa ba ne. Cikin mako biyu ta yi baya da kusan awa biyu. Ma'aikata suka ji daɗin safiya, domin ko rana ta take kana shigowa allo zai ce ka yi sammako. Da yamma kuma a zauna ana hararar juna, masallatai sun kira magariba, allo ya ce da sauran aiki. Wanda ya fi kowa murna Dakta ne. Shi da ba ya shigowa sai gab da azahar, sai ga shi yana isowa da hantsi a lissafin allo. Har taro ya tara mu ya yi mana nasiha a kan albarkar sammako, ya ba da misali da kansa.

Ikhlas ta same shi ta ce, "Ya Dakta, agogon nan fa ba daidai yake ba."

Ya ce, "Wayarki har yanzu a lokacin Khartum take."

Ta ce Khartum ba ta kai nisan awa biyu ba. Sai ya jingina da kujera ya ce, "Ya Ikhlas, a ƙasar da hukuma ke ƙara awa guda da zafi ta zare ta da sanyi, wa zai rantse ya san ƙarfe nawa? Lokaci al'amari ne da malamai suka yi saɓani a kansa." Duk da haka ya kafa kwamitin bincike, shi ne shugaba, ni ne sakatare. Aka sa zama ƙarfe biyu. Ba a faɗi biyun wa ba. Ni na zo a biyun wayata, Dakta ya zo a biyun Munazzim, ya tarar na fita cin abinci, ya rubuta cewa sakatare bai halarta ba.

Abin da ya hana ofis rushewa a makonnin nan Ikhlas ce. Kullum da safe takan dubi allo ta dubi wayarta, ta cire bambancin a ka, sannan ta shigar da kowane alƙawarin asibiti da lokacin ƙarya domin saƙo ya fita a lokacin gaskiya. Ni kuma, tun da an hana ni taɓawa ba a hana ni leƙe ba, nakan shiga cikin Munazzim daga kwamfutata in duba. Intanet tana da shi, shafuka suna buɗewa, saƙonni suna fita. Sunayen manyan kwamfutocin lokaci ma tana gane su. Amma duk tambayar da ta aika, shiru. Na zargi waɗancan kwamfutocin, na gwada wasu daga tawa, su ma shiru. Na zargi kebul, na zargi zafi, har na fara zargin kaina.

A cikin wannan hali aka kawo mana Hajiya Kubra daga Maraɗi, da ciwon gwiwa wanda ya zaunar da ita a keken guragu. Dangin matar Dakta ce, saboda haka ya ce shi da kansa zai shigar da alƙawarinta, ba ya son a yi mata aikin ƙananan ma'aikata. Ya shigar kuwa, ƙarfe goma sha ɗaya na ranar Alhamis, kamar yadda asibiti ya faɗa, bai cire komai ba. Likitan babban masani ne wanda daga ranar zai yi doguwar tafiya. An kuma ce ta zo ba ta ci komai ba saboda gwajin jini, ga ta da ciwon suga.

Ranar Alhamis wajen ƙarfe goma sai ga ƙofar lifta ta buɗe, Hajiya ta turo kekenta da kanta, jakarta da sandarta a cinya. Ta sauko da wuri ne don ta lura janareta ba ya ɗaukar lifta. Ta dubi allo, wanda ke cewa takwas ta ɗan wuce, ta dubi Ammu Sayyid da ke zaune da kofin shayi.

"Ina mai kai ni likita?"

Ikhlas ta nuna shi. Motarsa ce kaɗai mai ɗaukar keke. Ta yi masa magana da Larabci, ya ajiye kofi, ya dafa ƙirji.

"Wallahi Hajiya a kaina take, kamar uwata. Na san goma ta yi, ga agogona. Amma saƙo bai zo ba. Wancan makon na tashi kafin saƙo, mudir ya ce in na sake in ajiye makulli. Ina da 'ya'ya mata a gida. Ma'alish, a yi haƙuri."

Aka kira Dakta, waya a kashe. Ya tafi wata liyafar karin kumallo a unguwar Zamalek. Ikhlas ta yi ƙoƙarin canja alƙawarin, ta tarar abin da mudir ya shigar mudir ne kaɗai ke iya taɓa shi. Wannan ma ni na tsara shi haka, bisa umarninsa.

Hajiya ta juyo da keke wajena. Leɓenta ya bushe.

"Ɗana, kai ne mai na'urar?"

"Ni ne, Hajiya."

"To mi kake jira? Tun jiya da isha'i rabona da abinci. Ni ban zo ƙasar nan yawon buɗe ido ba. Shekara biyu ke nan a zaune nake salla. So nake kafin in mutu in sake sa goshina a ƙasa."

Na buɗe kwamfutata na sake kallon abin da na kwana biyu ina kallo: tambaya ta fita, amsa ba ta dawo ba. A gefe Ammu Sayyid yana ta gunaguni shi kaɗai, wai mutum ya zauna jiran saƙo, ko maimaicin ƙwallon jiya ba zai iya kallo ba, tun da mudir ya sa aka toshe.

Na ɗago kai. "Aka toshe me, ya Ammu?"

"Intanet ɗin ofis mana, ya injiniya. Ya kama mu muna kallon wasa, ya kira kamfanin a gabana. Ya ce su rufe kowace ƙofa su bar ta aiki kawai."

"Yaushe?"

Ya yi lissafi da wasannin ƙungiyarsa, ya faɗi makon. Makon da Munazzim ta fara yin baya ne.

Mutanen kamfanin sun yi abin da aka ce. Sun bar ƙofar shafuka da ta saƙonni, sun rufe sauran, har da 'yar ƙofar da ake tambayar lokaci ta cikinta. Domin in tabbatar, sai in zare Munazzim daga intanet ɗin ofis in jona ta da na wayata. Wannan kuwa sai an kai hannu jikinta, ga gilashi, ga makulli a Zamalek.

Hajiya ta ɗaga sandarta. "A fasa shi."

Ikhlas ta ce a dakata. Ta kama gefen kabad ɗin ta jawo shi daga bango don ta ga ko akwai kusoshin da za a kwance. Babu kusoshi. Babu ma katakon bayan. Kafinta ya bar shi a buɗe saboda wayoyi. Mako biyu muna kewaya kabad ɗin nan kamar mai tsaron banki na gadinsa, ashe bango kaɗai ya rufe shi.

Na tuna iƙamata, na dubi busasshen leɓen Hajiya, na zura nawa ta baya. Na zare kebul na jona wayata. Ban gama gyara zama ba amsa ta dawo. Sai dai allo bai motsa ba. Na duba, sai na ga dalili. Manhajar da ke kula da agogon an gina ta da taka-tsantsan: ba ta son yin tsalle, domin tsallen lokaci yakan rikita wasu ayyuka. Ta ji gaskiya, ta yarda ta yi kuskure, amma ta yanke shawarar gyarawa kaɗan-kaɗan, ta yadda ba mai lura. Da wannan tafiyar, sai likita ya kai inda za shi kafin ta cimma duniya. Akwai umarni guda da ke tilasta mata tsallen. Ina cikin rubuta shi ƙofa ta buɗe.

Dakta ne, da babbar riga da ƙamshin turare. Ya dubi kabad a tsakiyar ɗaki, ya dubi hannuna, ya shafa carbinsa ya ji makulli na nan.

"Malam Lawal. Wa ya ba ka izini?"

Na yi masa bayani a gurguje: ƙwallo, kamfani, ƙofa, shayin bawwab. Na nuna masa inda Munazzim da bakinta ta rubuta cewa tana baya, da kuma niyyarta ta gyarawa a hankali. Ya karanta har ƙarshe. Sai fuskarsa ta washe.

"To ai ka ga hikima. Ita ma ta san ba a gyara babban al'amari da gaggawa. A bar ta ta gyara a hankali, cikin sirri, kada ma'aikata su ɗauka an yi kuskure. Wannan shi ne tadarruji, bi da bi."

"Bashiru."

Tun da nake ban taɓa jin an kira shi haka ba. Hajiya ce, ta matso da kekenta har gaban takalminsa.

"Ni na yi wa matarka wankan jego. Ka dubi tagar can. Rana ce ko ba rana ba?"

"Rana ce, Inna."

"Ta takwas ce?"

Ya dubi taga, ya daɗe, irin kallon da yake yi wa hoton ƙirji. Sannan ya yi gyaran murya ya ce da ni, "A matsayina na shugaban kwamiti, na ba da izini."

Na danna. Lambobin allo suka yi tsalle daga takwas da wani abu zuwa gab da goma sha ɗaya. A take Munazzim ta tuna duk saƙonnin da ta ga lokacinsu ya wuce, har da waɗanda Ikhlas ta jera da lissafinta don azahar, ta sake su gaba ɗaya. Wayoyin direbobi suka ɗauki ƙara tun daga ɗakin jira har gidan shayin da ke ƙasa. Wani ya fita da gudu zuwa filin jirgi tarbar jirgin da bai ma shigo sararin Masar ba. Ammu Sayyid ya duba wayarsa, ya karanta saƙon har ƙarshe, ya miƙe kamar soja.

"Yalla ya Hajiya! Mun makara!"

Ikhlas ta bi su a matsayin tafinta. Ni na zauna ina kiran direbobi ɗaya bayan ɗaya ina dawo da su, ina kuma kiran Ikhlas. Cunkoso ya riƙe su a kan gada. Ammu Sayyid ya yi hon, ya yi rantsuwa, ya bi ta wasu lunguna da shi kaɗai ya sani. Sun isa asibiti sha biyu ta kusa. Aka ɗauki jinin Hajiya, aka ba ta abin da za ta sa a baki, jikinta ya dawo. Likita kuwa bai iso ba. Bai shigo ba sai wajen ƙarfe ɗaya, yana ba da haƙuri, wai hanya ce. Ya duba ta, ya sa a yi mata aiki a hannun mataimakinsa cikin makon, aka kuma yi lafiya.

Da labarin makarar likitan ya iso ofis, Dakta ya ƙirga da yatsunsa, ya miƙe tsaye.

"Ƙarfe ɗaya! Wato sha ɗaya daidai a tsohon lissafin Munazzim! Kun gani? Na'urar nan ta san lokacin likita, ku ne kuka yi mata gaggawa."

Ammu Sayyid, da aka fassara masa, ya ce tamam, mudir ya yi gaskiya, ya koma kan shayinsa.

Ranar Lahadi na sa Dakta ya kira kamfanin a buɗe ƙofar lokaci. Sai da ya sa injiniyansu ya tabbatar masa sau biyu cewa ƙwallo ba ta iya bi ta wannan ƙofar. Na koma Ataba na sayo ɗan agogo mai batir wanda ake maƙala wa irin wannan kwamfuta, don ko an ɗauke wuta ta riƙe lokacinta. Na kuma gyara manhajar yadda idan ta farka ta ga bambanci mai yawa za ta yi tsalle ba sai an roƙe ta ba. Dakta ya sanar da wannan a matsayin mataki na biyu na shirin da ya tsara tun farko. Rahoton kwamiti ya fito shafi guda, ya ɗora laifin a kan bawwab.

Na yi shekaru a wannan sana'a bayan nan, na gyara na'urori a ofisoshi da yawa tsakanin Dokki da Zamalek. Abin da ranar ta koya mini shi ne na'ura ba kasafai take lalacewa ita kaɗai ba. Yawanci wani mai iko ne ya ba da umarni a wani wuri don maganin wata damuwa tasa, bai gaya wa kowa ba, ya kuma manta. Ba za ka ga wannan a cikin kwamfuta ba, ko ka kwana kana karanta abin da ta rubuta. Yana bakin direba, ko mai shara, ko matar da ke teburin baƙi, kuma ba za su faɗa ba sai hira ta kawo. Saboda haka idan aka kira ku aka ce na'ura ta haukace, ku duba kebul, ku duba wuta, ku duba duk abin da aka koya muku. Sannan ku shiga ofishin shugaba, ku rufe ƙofa, ku gaishe shi da kyau, ku tambaye shi cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, wa ka kira a waya makon jiya?"